Turaren Iya ta Jiratawa

Shekara arba'in uwata, Inna Tsahara, tana haɗa turaren wuta a Sabon Gari, kuma ba ta taɓa auna komai ba. Ta ɗebo kajiji, ta ƙara sandal da farce, ta kai hanci, shi ke nan. Haɗin ta gada ne wurin uwarta, Iya, wadda ta rasu a Jiratawa tun ba a haife ni ba. In na ce ta nuna mini awo sai ta harare ni: "Wannan hancin naki na ado ne?"

To, bara nata hancin ya fara tafiya. Wake ya ƙone a gabanta, ko a jikinta. Amma tambaye ta ƙanshin gonar albasa in an sako mata ruwa, ko na zanen Iya ranar Juma'a, yanzu za ta zayyana maka kamar jiya ne. Sabulun da ta yi wanka da shi da safe kuwa, sai dai ta ce Allah masani. Likita ya ce tsufa ne. Wannan ai ko ba mu hau kabu-kabu ba mun sani.

Tsoronta ɗaya, kada turaren Iya ya bi ta kabari. Sai ta zaunar da ni. Ina haɗawa tana cewa "ƙara", "rage", alhali da ido kawai take kintata. Wata uku muna ɓarnar kaya. Na yi fushi, na yi kuka a ɓoye, don ƙanshin da nake nema ban taɓa jin sa ba.

Ran nan yayanta, Kawu Hamidu, ya kawo mana gero daga Tsibiri. Ya girme ta, amma shi hancinsa garau. Na zuba haɗin ranar a kasko ke nan ya yi sallama, sai ya tsaya cik a bakin ƙofa.

"Tsahara," ya ce, "ɗakin Iya."

Inna ta tsura wa fuskarsa ido. Can ta ce mini, "Fadila, kin riƙe abin da kika zuba?"

"Na riƙe, Inna."

Ta jawo kaskon, ta sunkuya cikin hayaƙin, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Wallahi ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba. Ta ɗago, ta gyara masa tabarma.

"Yaya Hamidu, zauna. Faɗa mini yadda yake."