To, Masta

Ranar wata Laraba ce, saura mako biyu a kama azumi, a shekarar da nake ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. An fito da teburin Masta Ofori ƙarƙashin bishiyar mangwaro saboda zafin aji, yana kiranmu ɗaya bayan ɗaya mu tabbatar da fannin da za mu karanta a babbar sakandare. Ni tun a gida na rubuta kimiyya da fensir, na danne takardar cikin littafi don kada ta yamutse. Da ya duba sai ya yi dariya, ya ciro magogi daga aljihun rigarsa ya goge abin da na rubuta a gabana, har yana hure ɓurɓushin. Batone ne, wato mutumin Asante, kuma yana jin Hausar Zango irin wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. Ya ce, "Kai Hajara, ba uwanka yana sayar da waakye ba? Hom Ikons ya dace da kai. Sayans zai fasa maka kai." Na sunkuyar da kai na ce, "To, Masta." Ya ɗauki biro ya rubuta fannin girki da ɗinki, ya kira na gaba.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A gidanmu, a Tsohon Zango, idan babba ya yi magana ka ce "to", ma'anarta ka ji. Ba ta nufin ka yarda. Mma, mahaifiyata, ta sha gaya mana, "Babba ba a ce masa a'a a ido. Ki ce to, ki tafi, a bi ta bayan gida a gyara." Amma takardar gwamnati ba ta da bayan gida. Masta Ofori ya shekara goma yana koyarwa a unguwarmu, yana cin tuwon sallarmu, ya san wannan sarai. Shi ne kuma ke raba mana takardun jarrabawa, ya san wace ce take zuwa ta ɗaya a lissafi. Bai duba makina ba, tukunyar uwata ya duba.

Tukunyar kuwa ita ta sa mini son kimiyyar. Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere, iyali tara da famfo guda, kuma kafin kiran asuba ya ƙare Mma ta riga ta ɗora waakye, wato shinkafa da wake, a murhun tsakar gida. Aikina shi ne in tsince wake, in wanke ganyen da ake naɗe wa masu saye, in jiƙa karan dafi. Kullum ina tsaye ina kallon yadda ruwan ke komawa ja wur da zarar an jefa kanwa, ina tambayar dalili, Mma tana cewa, "Haka Allah Ya yi shi, miƙo ludayi." Daga nan sai sukul, da la'asar sai makarantar allo, in an taso mu yi wasan ampe a lungu, muna tsalle muna tafi har sai wata tsohuwa ta leƙo ta kore mu. Ko a wajen ampe, ni ce mai riƙe ƙidaya, kuma ba a taɓa cutata ba.

Sakamako ya fito da kyau, aka tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo, mota biyu daga gida, fannin girki da ɗinki. Ba raina sana'ar nake yi ba, ita ta ciyar da ni. Amma ku duba mini: yarinyar da tun tana shekara goma take taya ciyar da rabin unguwa, an ɗaura mata farin ƙyalle ana koya mata yadda ake riƙe wuƙa. Ajin kimiyya yana can ƙarshen baranda, kuma duk lokacin da aka aike ni sai na bi ta tagarsu ko da hanyar ba ta nan ba ce. A nan na san Adwoa, wata siririyar yarinya mai zama bakin taga. Ita ta gaya mini ana iya sauya fanni, amma sai kafin zangon farko ya ƙare, don da an rufe rajista shi ke nan har shekara uku. Kuma sai mataimakin hedimasta ya sa hannu.

Wannan mutumin, 'yan Zango da suka riga mu shiga sun raɗa masa suna Dawo-gobe, kuma ya ci sunansa. Akwai wani benci a ƙofar ofishinsa, ƙafa ɗaya gajeriya, a kansa na yi mako shida. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sauran ɗalibai su ruga wajen masu ƙosai da burodi, ni in zauna a bencin da littafin Adwoa a cinya ina kwafar darasin da ba a koya mini ba. In ya fito in miƙe in gaishe shi, ya ce in dawo gobe, ba tare da ya tsaya ba. Wata rana yana taro, wata rana makullin durowa yana gida, wata rana kuma ya tambaye ni sunana kamar bai taɓa ganina ba. 'Yan ajinmu suka fara kirana mai gadin ofis. Na yi kuka a bayan ɗakin girki ya fi sau nawa, in wanke fuska in koma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani yaro da ubansa ya kawo a mota, ya shiga ofishin yana ɗan fannin kasuwanci, ya fito ɗan kimiyya, kafin in gama kwafar shafi ɗaya.

Saura kwana takwas a yi hutu, ina jin don ya rabu da ni ne, ya sa malamin lissafi ya ba ni gwaji a tsaye a baranda. Na ci. Sai ya ce to, in kawo mahaifi. Babana ya tafi Arewa da motar goro, don haka Mma ce ta bar wa ƙanwarta tukunya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko ranar da take zazzaɓi. Ta sa mayafinta na zuwa suna, ta cire takalmi a ƙofar ofis duk da na raɗa mata ba a yi. Ya ba ta kujera, ta zauna a bakin-baki. Sannan ya buɗe baki da Tonanci, yaren Asante, ya yi ta zuba: kimiyya ba wasa ba ce, 'yan ajin sun yi nisa, ya ga 'yan Zango da yawa sun fara sun watsar, kada a ɗora wa yarinya abin da zai karya ta, girkin ma ai gado ne. Mma tana kallon ƙasa tana murza bakin mayafi. Da ya dasa aya ta ce, "To, Masta." Na ga hannunsa ya rufe fayil ɗina ya tura shi gefe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi ta ji." Ban taɓa sa baki a maganar Mma ba, balle a gaban baƙo, balle in fassara ta kamar ba ta da harshe. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya juya gare ta ya tambaye ta kai tsaye, ita me take so? Mma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Abin da yarinyar ta zauna wa a bencin nan, shi nake so." Ya ja fayil ɗin, ya sa hannu, ya ce in na faɗi kada in zo masa da kuka.

A torotoro, motar hayar da muka shiga zuwa gida, ba ta dube ni ba. Mun zauna kafaɗa da kafaɗa, ta juya fuska ga taga, ni kuma na cika na batse, ina ganin ita ce ta kusa kashe ni da ladabinta. Sai da muka sauka a bakin lungunmu ta ce, "Kin tsinka ni a gaban babban mutum, Hajara." Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta bakin ƙannena. Na shiga ajin kimiyya ina bayan kowa, na yi zango biyu kafin in kamo su, ban kuma je wa kowa da kuka ba.

Yanzu ina aikin gwajin jini a wani asibiti. 'Ya'yan Zango a waya suke duba makarantar da aka tura su, kuma 'yata in ba ta son abu takan faɗa mini a ido tun kafin in rufe baki, wani lokacin har ya yi yawa. Gidan hayar yana nan, amma wata ce ke dafa waakye a murhun, Mma ta shekara shida da rasuwa. Har ta bar duniya ba ta taɓa cewa na kyauta ba, ni ma taurin kai bai bar ni na ba ta haƙuri ba. Da za a mayar da ni ofishin nan, zan sake katse ta. Amma a mota zan riƙe hannunta.