Ranar da Kwamfuta Ta Nutsar da Ofishinmu

Tsufa ya kwashe mini haƙora, amma bai kwashe ranar Talatar da aka miƙo mini takardar tuhuma ba, ni Tumba, bayan shekara ashirin ina shara a ofishin gona ba a taɓa cewa na ɗauki ko allura ba. Ku sababbin ma'aikata da ba ku sani ba, takardar tuhuma ita ce ake ba ma'aikaci ya kare kansa cikin kwana biyu, in ya kasa a shiga maganar kora. Ni da ko alif ban sani ba aka ba ta. Hikimar gwamnati ke nan.

A daminar da ta biyo bayan kawo mana kwamfuta, jami'a ta turo mana wani ɗalibi, Lawali, mutumin Anka, ya yi wata shida yana koyon aiki. Fiziks yake karantawa. Aikin da malaminsa ya ɗora masa shi ne ya koya wa kwamfuta faɗin inda ruwan rijiyar ofis zai kai kowace rana. Yana yi mata magana da wani yare wai shi Fotaran. In janareta ya tashi, sai ya zauna yana ta ƙwanƙwasa.

Wata rana ina goge tebur na ce, “Ɗana, wagga aba ta taɓa leƙa rijiya?”

Ya ce, “A'a Inna. Tana ɗaukar ruwan yau, ta ƙara wanda sama ta zubo, ta cire wanda anka ɗiba, ta taka zuwa gobe. Daga gobe ta taka zuwa jibi. In taki ɗaya ya karkace, duk na bayansa sun karkace.”

Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ni da guga nake tambayar rijiya, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ruwan sama kuwa, akwai kwalbar awo a bayan ofis, cikin kejin waya mai kwaɗo. Ƙa'ida ita ce akawu ya buɗe kowace safiya, ya duba, ya rubuta a littafi, ya zubar. Akawunmu Malam Garba ne, mai biro uku a aljihu.

Da Lawali ya zuba wa kwamfuta abin da ke littafin, sai ta ce ruwan rijiya ya wuce baki, ya wuce rufin ofis, ya kai kan darbejiya. Ashe mun mutu tun watan jiya ba mu sani ba. Yaro ya duba rubutunsa layi-layi har sati biyu, ya rame, ga malaminsa na tafe duba aiki.

Sai shugaban sashe ya gano mai laifi. Wa ke goge kwamfuta da tsumma? Tumba. Malam Garba ya rantse ya ga tsumman da danshi. Ruwan da ya cika lissafi, wai daga tsummana ya shiga. Mutum mai digiri ya faɗi wannan, wani mai biro uku ya gyaɗa kai.

Da aka miƙo mini takardar tuhumar, na ninke ta na soke a zane, na shiga wurin shugaba.

“Yallaɓai, ban iya ba da amsa da biro ba. A karanto mini littafin ruwa in ji.”

“Inna, mi kika sani ga littafi?”

“Ban san littafi ba. Na san damina.”

Aka kira Lawali da Malam Garba, Lawali ya soma karantowa. Da ya zo tsakiyar damina na ce ya tsaya. “Ranar Lahadin da gari ya fita roƙon ruwa, mi anka rubuta?”

Ya duba. An rubuta ruwa mai yawa. Kafin ta ma kwana biyu ruwa, bayan ta kwana uku ruwa, duk lamba ɗaya.

Na ce, “Madalla. Liman da jama'a suna fili rana na gasa su, gero ya lanƙwashe, ashe a littafin Malam Garba ana ta sheƙa ruwa. Da ya faɗa musu ai da ba su wahala ba.”

Malam Garba ya soma gyaran hula. Na ce ya fito da mabuɗin keji. Babu. Ya ɓace tun ruwan shuka, kunya ta hana shi faɗi. Kullum ta cikin waya yake leƙen kwalba ya rubuta abin da ya gani, bai zubar ba. Ruwan Asabar shi ne na Lahadi, shi ne na Litinin, kwamfuta baiwar Allah tana ta haɗiya.

Lawali ya dafe kai. “Wayyo, littafin duk ya lalace ke nan.”

Na ce, “Bai lalace ba. Duk ranar ɗaya ga wata da safe nakan zura sandar tsintsiya in karkata kwalbar in zubar in miƙe ta, saboda ƙwan sauro. Ka cire na jiya daga na yau, ka sake sabon ƙirga kowane ɗaya ga wata.”

Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina. Aka tada janareta. Kafin azahar kwamfuta ta sauko daga kan darbejiya, ta ce ruwa yana gaba shida daga bakin rijiya. Muka fita har da shugaba. Na zura guga, na jawo, na auna igiya da hannuwana a gabansu. Gaba shida da ɗan taƙi.

Shugaba ya ce in dawo da takardar, kuskure ne na ofis. Ba nasa ba, na ofis. Na ce ai na riga na samo mata aiki. Washegari a cikinta na naɗe wa Malam Garba ƙosai, don ya samu ƙarfin neman mabuɗi. Shi ba a ba shi tuhuma ba, an dai saya masa sabon kwaɗo.

Lawali ya ci jarabawarsa. Na ji yanzu shi ke koyar da wannan lissafi, kuma wai kafin ɗalibi ya taɓa kwamfuta sai ya tambaye shi wa ya auna, kuma ya zubar da na jiya?

Ku riƙe wannan. Na'ura abin da aka ba ta take ci, ba ta tambayar inda aka samo. A ofis kuma, duk ranar da lissafin masu biro ya karkace, mai tsintsiya ake fara dubawa. Don haka in kuna shara, idonku ya riƙa aiki tare da hannunku.