Allurar da Yaya Habibu Ya Ce Tana Sauka

A wannan watan ne yayana, Injiniya Habibu, ya cika shekara tara da rasuwa. Sau da yawa na zauna in rubuta wani abu a kansa, in tashi ban rubuta ba. Bana dai na daure.

Yaya Habibu ya yi aikin injinan jiragen ruwa a Legas kafin karatu ya kawo shi Manchester. Da ya gama, ya zauna da iyalinsa a Old Trafford, ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji mai jirgi guda, irin dogayen siraran nan masu injin dizal da ke bin canal, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage. Tsofaffin unguwa suke ɗauka su zaga da su. Council, wato ƙaramar hukumar yankin, ita ce ke tallafa musu, har aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, aka rufe laburaren unguwar, aka yanke kason gyaran jirgin.

A lokacin ne ya fara yi mini zancen agogon mai, wato mai nuna ƙarfin da baƙin mai ke zagaya inji da shi. Ni mai harhaɗa magani ne a Sparkhill, a Birmingham, ban san kan inji ba, amma ni yake kira.

"Da, in inji ya yi zafi, allura a arba'in take tsayawa," in ji shi. "Yanzu ashirin da biyar. Abin da ya fi damuna, Kabiru, man ba raguwa yake ba, ƙaruwa yake."

Na ce ai gara ya ƙaru. Bai yi dariya ba. Ya ce dizal ne ke tsiyaya cikin baƙin man yana tsinka shi, kuma irin wannan inji wata rana zai kama shan man cikinsa, ya yi ta gudu, ko an kashe makulli ba zai tsaya ba.

Manajan ƙungiyar ya ce agogon ne ya tsufa. Aka yanke shawarar sayar da jirgin ga wani a Birmingham, amma sai an yi wa tsofaffin yawon ban kwana. Yaya ya ƙi sa hannu a takardar shaidar cewa jirgin lafiya yake. Tsofaffin suka ji haushinsa, manaja ya ce ya cika taurin kai, yawon dai bai yiwu ba. Da ya ji wani ɗan sa-kai za a ba jirgin ya kai Birmingham, sai ya juye man, ya zuba sabo, ya ce shi zai tuƙa.

Na ɗauki hutu na same shi a kwana biyun ƙarshe na tafiyar. Aikina guda ne: in zauna gaban agogon in riƙa faɗa masa lamba. Da hantsin rana ta biyu muka isa bakin wani dogon rami inda canal ke bi ta ƙarƙashin tudu. Allura na kan ashirin. Ya daɗe yana kallonta, ya yi bisimilla, muka shiga.

Mun yi nisa har hasken baya ya ƙanƙance lokacin da na ce, "Yaya, sha biyar." Kafin in rufe baki ƙarar injin ta sauya, ta yi sama kamar za ta tsaga bangon. Ya murɗa makulli, injin bai ji ba. Hayaƙi ya cika ramin.

"Shiga ciki ka kwanta, ka rufe hancinka," ya ce.

Ya ɗaga murfin injin, ya cire rigar sanyinsa, ya cusa ta a bakin da iska ke shiga, ya danne har injin ya shaƙe ya mutu. Da hannu muka riƙa tura bango har muka fita. Yana ta tari, yana cewa ba komai. Yana da asma tun yana yaro. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bara na ga jirgin a Birmingham, an yi masa sabon fenti, ana ba masu yawon hutu haya. Na roƙi mai shi ya nuna mini agogon. Ya ce an gyara injin tuntuni, an cire agogon, an sa ƙaramar jar fitila a gurbinsa, don lambobi suna rikita masu haya. Na san amsar Yaya: fitila ba ta kunnuwa sai ɓarna ta riga ta faru.

Bai gina gida a garinmu Kano ba, ba a kuma rubuta sunansa a ko'ina ba. Abin da ya bari shi ne tsofaffin da suka koma gidajensu suna fushi da shi, suka mutu a kan gadajensu shekaru bayan haka, da yawansu ba su san abin da ya tare musu ba. Allah ya jiƙansa.

Ranar da na ga jirgin, wata mata ce ta karɓi makulli ta ɗauke shi haya, ita da 'ya'yanta uku. Na tsaya a kan gada har suka sha kwana.