Mashin ɗin 'yan gayu da doyar Mama

Jiya a bakin kasuwar Kafanchan wata mama ta ɗaga min hannu, sai ƙafata ta taka birki da kanta.

Na daɗe da barin okada. Da zan koma hawa, na zaɓi dogon mashin mai faɗin kujera, irin na 'yan gayu, don kada a sake ce min ɗan okada.

Ta leƙa baya ta ce, "Yarona, ina zan ɗaura doyata?"

Na ce, "Mama, wannan na shan iska ne."

"To, ka sha iskar ta hanyar Kagoma."

Haka na shiga Kagoma, ita a baya, doya a cinyata.

Jama'a, laifin mashin ne, ko fuskata ce?