Tsani Daidai Takun Inna

Shekarar da aka fara Shari'a, yayana ya kawo wa Inna hijabi daga kasuwar Daura, irin mai jan ƙasan nan da ake yayi. Ya ce tunda saman soro take hawa maƙwabta na hango ta, kada ta ƙara hawa da gyale. Ta karɓa ta sa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi musu da shi. In maganarsa ta kama, sai dai ta ce "wancan".

Saman soron nan kuwa shi ne gonarta, shi ne kantinta. Tun rasuwar Baba a can take shanya kuɓewa da tattasai da yankakken tumatir, don a ƙasa awaki ba sa bari. Da kayan miyar nan take sayen sabulunta da goronta, ba ta taɓa miƙa wa ɗa hannu ba.

Tsohon tsaninta na itacen darbejiya ne, matakansa mulmulallu, an buga su da ƙusa. Mako biyu da zuwan hijabin, tana saukowa da faifai a hannu, ta take bakin hijabin, ƙafa ta zame, sai ga ta a ƙasa. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ta yi.

Lokacin ina aure a Daura, ina koyarwa a firamare. Da labari ya iske ni na faɗa motar garinmu Sandamu ko abinci ban tsaya ci ba. Na tarar Yaya ya kwantar da tsanin a bayan rumbu, ya yanke hukunci: hawa ya ƙare, duk abin da take so shi zai saya mata. Ni auta ce, bakina ba linzami. Na ce masa hijabinsa ne ya kayar da ita, ba tsufa ba. Ya ce ba ni da kunya. Muka yi ta yi har Inna ta juya fuska bango. A ƙarshe ya ba ni zuwa fitowar kuɓewar kaka. In na kawo tsanin da ya gamsu da shi, to. In ba haka ba, ko na wa aka jingina a gidan sai ya faskara shi an hura wuta.

Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ina cikin aji ina zana tsani a bayan littafi. Duk inda na ga tsani a gari sai na tsaya na ƙare masa kallo, har maigidana ya fara tambaya ko gini zan koma. Ranar Asabar in je gida in tarar da Inna a tabarma, hannu ba abin yi, ido a saman soro. Ta rame. Wallahi tsoro ya kama ni, don na san zaman nan zai fi faɗuwa yi mata illa.

Na je wurin wani kafinta a bakin kasuwa, dogo ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa. Ya yi tsani na katako, fari tas. Na kai gida aka jingina. Inna ta ɗaga ƙafa, zane ya ƙi ba ta hanya. Ta sake ɗagawa, ya ƙi. Ashe da kamunsa ya auna tsakanin matakan, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yadda maigidansa ya koya masa. Kamun dogon namiji mai wando! Yaya na tsaye, murmushin da ya yi ya fi zagi ciwo.

Na koma rumfar da zafina. Kafinta ya ce tun kaka da kakanni haka ake auna tsani, magina ba su taɓa kawo masa ƙorafi ba.

Na ce, "Malam, ka taɓa hawa tsani da zane?"

Mazauna rumfar suka bushe da dariya. Shi ma ya dara, ya ce in kawo awon da nake so.

A gida na sa Inna ta ɗaura zanenta tamau yadda ta saba. Na riƙa ɗora katako kan katako tana takawa, har muka gano iyakar inda take ɗaga ƙafa ba tare da ta dafa gwiwa ba. Taƙinta ɗaya da yatsu uku. Na yanka zare daidai nan na kai wa kafinta. Na ce kowane mataki ya zama shimfiɗaɗɗe, faɗin tafin hannu, a huda jikin tsanin a zura shi ciki, kada in ga kan ƙusa ko ɗaya a waje. Kan tsanin kuma ya zarce bakin soro sosai don ta sami abin riƙewa in za ta juyo. Hijabin kuwa na kai wa tela ya rage shi zuwa gwiwa, ban nemi izinin kowa ba.

Ranar gwaji Yaya ya hau da kansa, yana dira nauyinsa a kowane mataki, yana mitar sun yi kusa-kusa kamar na yara. Da ya sauko Inna ta miƙe, ta ɗauki faifai, ta yi bisimilla. Ta bi matakan ɗaya-ɗaya har ta kai sama. Ta leƙo, ni ta kalla, ba shi ba.

"Ki ce wa wancan ya miƙo min kuɓewar."

Ya miƙa mata.

Ta ƙara shekaru tana hawa, kuma a kan gadonta Allah ya karɓi ranta.

Bara na yi ritaya na dawo gidan da zama. Gara ta ci ƙafar tsanin an sake ta, amma awon na nan. A da biyu-biyu nake tsallake matakan. Yanzu gwiwoyina sun fara ƙara, ɗaya-ɗaya nake bi, ya yi mini cif. Shekaranjiya babban ɗana ya zo ya same ni a sama ina baza tattasai. Ya gaishe ni, ya daɗe tsaye yana kallon tsanin, ya girgiza shi da hannu. Na san kallon nan. Tun da ya tafi na kasa zama wuri ɗaya. Shi ma ɗan fari ne, ba na iya musu da shi, ni kuma Allah bai ba ni 'ya mace ba.