Kunnuwa a Kan Gwadon Iya

Har yau in na ji ƙamshin ruwan rake yana tafasa, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na wajen Kurmin Kogi, na cusa gwiwoyina cikin riga saboda sanyi. Lokacin dafa mazarƙwaila mukan kwaso busasshiyar tukar rake daga wurin matsa, kakata Iya Lami ta hura wuta da ita bayan an ci tuwo. Wutar tuka ba ta da haƙuri, ta tashi fuu ta kwanta, don haka kullum akwai mai aikin ƙara mata. Mu Kirista ne, amma 'ya'yan Malam Sule maƙwabcinmu suna idar da isha'i za su tsallako katanga, kuma su ne ke kame wuri mafi ɗumi.

Iya ce ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, babana kuma ya tafi Kudu aikin gonar koko, ya yi aure a can, zuwansa gida ya yi ta raguwa har ya tsaya. Shi ne ɗan Iya na fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zama dole sai ta ce "mutumin Kudu," tana kallon wani wajen. Ni kuwa Maigida take kirana, tana yi mini tsiya wai miji ne ni marar cefane, ga kunnuwa kamar marfin tukunya.

Ba ta iya tatsuniya hannu sake. Sai ta jawo taskirar audugarta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, sannan ta ce, "Ga wata baƙuwa tana ƙwanƙwasa ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata!" Inuwarta takan hau bangon ɗaki, hannu ɗaya a sama yana jan zare, ni kuma in yi ta kallon inuwar har muryarta ta zama kamar daga bangon take fitowa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wani saurayi ne ya tafi neman arziki bayan manyan koguna, ya daɗe har kewar uwarsa ta hana shi barci. Wata rana ya leƙa rijiyar garin, ruwan ya riƙe fuskarsa ya ƙi saki. Sai ya ɗebo ruwan da fuskar a ƙwarya, ya ba wani falke mai jakuna, ya ce ya kai wa tsohuwarsa, amma kada ya sauya masa mazubi. Falke ya yi ta tafiya, ƙwarya tana tangaɗi a kan jaki, ya gaji da tallafe ta, ya juye ruwan a tulu ya toshe. Ruwa bai zube ko ɗigo ba, sai dai fuskar ba ta san tulu ba, ta narke. Da ya isa, tsohuwa ta buɗe tulu ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Shi ne. Ga hancinsa, ga goshinsa. Ashe har ya yi furfura."

Nan muke fashewa da dariya, har da masu birgima a ƙasa.

"Iya, ai fuskarta ce ta gani!"

"To," in ji ta, "ku da kuka fi ta ido." Ta naɗe zarenta ta ce, "Abawa ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Ita ba ta taɓa yin dariyar ba, amma a lokacin ban lura ba.

Zaren waɗannan darare ta tara, ta kai wa wani masaƙi a Makarfi ya saƙa mata farin gwado babba. Bayan shekaru, da cocinmu ta samu majigi, aka ga bangon jar ƙasa ne ba ya nuna hoto, Iya ta ɗauko gwadon ta bayar. Kowace Lahadi a kansa ake haska waƙoƙi.

Ina koyarwa a wata firamare a Ikara lokacin da idonta ya fara tafiya. Likita a Zariya ya ce jijiyar ce ke mutuwa, aiki ba zai gyara ba, ɗan abin da ya rage ma da wuya ya kai kaka. A cikin wannan damina aka sanar da ni babana ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba shi da halin doguwar tafiya. Matarsa ta ɗauke shi a bidiyo da wayarta yana gaida Iya, ta turo mini. Na garzaya gida na miƙa mata. Ta kai wayar har kan hancinta, ta juya ta, ta ce wani ɗan haske kawai take gani yana motsi. Ta mayar mini da sauri, ta shiga tambayata kuɗin taki.

Da safe ina ɗaure jaka a bayan mashin, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maigida, abin nan na coci da ke ƙara wa rubutu girma, yana ƙara wa mutum?"

Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya ce mai son tafiya ya tafi. Ba wanda ya motsa. Aka rufe tagogi, aka zaunar da Iya a bencin gaba, 'yan zumuntar mata suka kewaye ta. Malam Dauda tela, wanda ke kula da majigin, ya juye bidiyon daga wayata zuwa tsohuwar kwamfutar coci. Ya danna, ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Ya sake juyewa ta filas, amsa ɗaya. Muka nemi wayar da za ta haɗa tawa da majigin kai tsaye, bakin bai shiga ba. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ta ɗauki lokacinta kamar mai dawowa daga gona. Janareta yana ta tari a waje, ni kuma gumi ya jiƙa mini riga, haushin kaina ya cika ni don ban zo na gwada tun Asabar ba.

Can Malam Dauda ya buɗe shi da wata manhaja, sai muryar babana ta fito ta lasifika, a hankali, harshen yana ɗan ja. "Iya, ina kwana. Ina gajiya." Amma a kan gwado babu komai sai farin haske. Iya ta miƙa wuya tana ƙifta ido, ni kuma na ji kamar in yi kuka. Na zaci waya ce ta saki a ɗaya gefen, sai na duƙa na gitta ta gaban majigin don in taɓa ta.

"Yohanna!"

Na tsaya cak. Muryar Iya ce, sunan babana ta kira. Na ɗaga ido, sai ga inuwar kaina ta cika gwadon daga sama har ƙasa, kunnuwa biyu a buɗe.

"Ga shi nan," in ji ta. "Yohanna, ga ka nan. Kunnuwan nan ba su canza ba."

Matan da suka tsufa tare da ita ba su taɓa jin wannan suna daga bakinta ba. Malam Dauda ya miƙo hannu zai janye ni, Fasto ya riƙe masa hannu. Haka na zauna a tsugune, haske yana ɗumama mini ƙeya, babana yana tambayar lafiyar awaki da itacen ɗorawar bayan gida, yana neman gafara, Iya tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Na ga saƙar gwadon a cikin inuwata, har da wuraren da zaren ya yi kauri, wataƙila inda muka sa ta tsaya da dariyarmu. Gwiwoyina suka yi tsami, amma ban motsa ba sai da muryar ta ƙare.

A hanyar gida tana riƙe da kafaɗata, muka bi ta gefen gonakin rake har muka kusa ƙofa. Sannan ta laluba ta kama kunnena ta ja.

"Kai ma dai, Maigida, da za ka ɗauko, ai sai ka bar masa ko guda."

Daga baya Malam Dauda ya kai kwamfutar Zariya aka sa mata abin da ke buɗe irin wannan bidiyo. Kafin ta dawo idon Iya ya rufe. Na gaya mata an gyara, ina jin nauyin maganar, ta ce in yi masa godiya, ita ta riga ta gani. Babana bai sake taka Kurmin Kogi ba, kuma ita ta riga shi tafiya da 'yan watanni.

Na daɗe ina ɗaukar tsohuwar cikin tatsuniya a matsayin wadda aka yi wa wayo. Yanzu ina ganin ta san sarai abin da ke cikin tulun. Falke ya yi kuskurensa, hanya ta yi nisa, ba mai komawa ya sake ɗebowa, sai ta nemi ɗanta a fuskar da ta samu, kuma yana nan a ciki. Wannan daminar na ba 'yata Rifkatu labarin muna gasa masara a bakin murhu. Da na zo wurin furfura ta faɗi tana dariya, ta ce, "Baba, ai fuskarta ce!" Wuta tana haska ta ta baya, kunnuwanta sun yi ja. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na ji ina cewa, "To, ke da kika fi ta ido."