Gashin Haɓata

Uwar mijina ta rasu, na yi mata addu'a kamar yadda addini ya ce. Amma ban yafe mata ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Gashi ne ke fito mini a haɓa da gefen fuska, baƙi, mai kauri irin na maza. Al'adata sai ta ga dama take zuwa, wuyana ya yi duhu kamar ban san sabulu ba, haihuwa kuwa shiru. Likitar mata ta ce abu biyu ne suka haɗu mini: sinadarin maza ya yi yawa a jinina, kuma jikina ba ya sarrafa suga yadda ya kamata, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ta haɗa mini ƙwaya biyu. Ɗaya irin ta masu ciwon suga, ɗaya irin ta tazarar haihuwa, don ita ke danne sinadarin. Ta ce in jikin ya daidaita, sai a tsayar da ta biyun a nemi ciki. Na sha tashin zuciya da ciwon ciki kafin in saba. Bayan watanni gashin ya yi laushi, har na daina kauce wa madubi.

Sai rikici ya tashi a garinsu uwar mijin nawa, Hajja, ta dawo gidanmu a unguwar Lamisula. Na ba ta ɗakina, na ba ta katifata. Ita kuma ta saka mini da binciken durowa. Matar da ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma ta gane katin ƙwayoyin tazara da ta taɓa gani a asibitin garinsu. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwashe duka biyun ta zuba a masai, sannan ta sa ɗanta ya rantse ba za su ƙara shigowa gidan ba.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Mijina ya ce, "Ki yi haƙuri, uwa ce." Iyakar mazantakarsa ke nan.

Gashin ya dawo da fushinsa. Wata Bashuwa da ta saba zuwa gida tana cire mini shi da halawa, narkakken sukarin nan na tuge gashi, ta bar gari, sai na koma reza. Niƙabi kuwa a lokacin neman magana ne, don ana ta raɗe-raɗin maza na shiga cikin hijabi su kai hari. Sai na riƙa jan hijabina har ƙarƙashin leɓe, ina tafiya kai a sunkuye.

Wata rana Hajja ta dage sai na raka ta kasuwa in riƙe mata kaya, alhali rezata ta dakushe, haɓata ta yi kaushi. A ƙofar kasuwa mata layinsu daban, kowace sai ta ɗaga hannu an laluba ta. Da aka zo kaina, mai lalubawar ta ja hijabin ƙasa. Ta ga haɓata, ta yi tsalle baya.

"Namiji ne! Wallahi namiji ne!"

Layi ya watse. Mata na gudu suna zubar da takalma, 'yan sa-kai masu gora suka kewaye ni daga nesa, wani soja ya ɗaga bindiga yana ihu in durƙusa. Na durƙusa a kan ƙasa mai zafi, hannuwa sama. Na kasa cewa uffan, don muryata ma kauri gare ta, na san ƙara mini laifi za ta yi. Mutum ɗaya ce a wurin ta san ni. Na juya ina neman ta da ido.

Hajja tana tsaye a gefe, tana gyara lafayarta. Sai da ta gama gyarawa tsaf ta tako, ba gaggawa.

"Yarana, ku sauke bindiga," in ji ta, da Hausarta mai nauyin Barbarci, da ƙarfi yadda har masu kayan miya suka ji. "Mace ce, matar ɗana ce. Ba laifinku ba ne. Mu ma a gida har yau ba mu ga shaida ba."

Aka kwashe da dariya, har da sojan.